Harɗaɗɗen Aikatau na Ingilishi da Maganar Shawo Kan Matsala: Darasi Daga Sassumbrum

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Sassumbrum, cikin gundumar Magariya ta jihar Damagaram, da harsuna uku yake rayuwa. Hausa ce ta gida da gona da kasuwa, Faransanci ne aka koya masa karatu da shi, Ingilishi kuwa sai ya shiga ajin farko na kolej yake haɗuwa da shi a allo, ko da yake kunnensa ya saba da ɓurɓushinsa a bakin fataken da ke kai da komo tsakanin Magariya da Dungas da kasuwannin Najeriya irin su Mai'aduwa da Maigatari. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan Ingilishi ya tashi daga darasin cin jarrabawa kawai, ya zama harshen da za a iya neman ɗalibi ya rubuta rahoto da shi. Wannan maƙala ta duba wani ɓangare na nahawunsa da ke yawan kayar da masu koyo, wato aikatau masu tafiya da harafi, musamman waɗanda ake bayyana yadda aka yi da matsala da su.

2.0 Rabe-Raben Ginin

A babban littafin nahawun Ingilishi na 1985, Randolph Quirk da abokan aikinsa sun raba irin wannan aikatau gida uku. Kashi na farko shi ne aikatau da harafin bayanau, kamar "sort out" da "work out". Na biyu aikatau ne da harafin da ke jan suna, kamar "deal with" da "cope with". Na uku ya haɗa haruffan biyu, kamar "put up with" da "come up against".

Wakilin suna ne ma'aunin da ke bambanta su. A kashi na farko, idan karɓau suna ne, yana iya zuwa kafin harafi ko bayansa, amma idan wakilin suna ne tilas ya shiga tsakiya. A sauran kashi biyun kuwa ba a raba aikatau da harafinsa:

1. They sorted out the dispute. They sorted it out.
2. They dealt with the dispute. They dealt with it.

Wanda ya ce "sorted out it" ko "dealt it with" ya karya ƙa'ida. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, domin a harshensa ma wakilin suna yana sauya fasalin aikatau: ana cewa "ya tunkari matsalar", amma "ya tunkare ta".

3.0 Matakan Matsala

Idan aka jera waɗannan aikatau ta fuskar ma'ana, za a ga kowanne yana tsaye ne a kan wani mataki na rayuwar matsala. Matakin farko shi ne cin karo: "run into" da "come up against" suna nuna matsalar ta tare hanya, ba a kai ga yin komai ba tukuna. Na biyu shi ne fama: "deal with" yana nuna an ɗauki mataki, "cope with" kuma yana nuna ana ɗauke da nauyin ba tare da an durƙushe ba. Na uku haƙuri ne: "put up with" jurewa ce kan abin da ba a so, kuma ba a gyara ba. Na huɗu shi ne warwarewa, inda ake samun "sort out" da "work out" da "iron out". Na ƙarshe shi ne wucewa: "get round" kewaye matsala ne a bar ta a wurinta, "get through" ratsa ta ne har a fita, "get over" kuwa farfaɗowa ce bayan ta wuce.

A ɗauka famfon wani ƙauye ya lalace, aka nemi malamin makarantar garin ya rubuta wa wata ƙungiyar agaji rahoto da Ingilishi:

3. The village has put up with the problem.
4. The village has got round the problem.
5. The village has sorted out the problem.

Jumla ta 3 tana cewa famfon na nan a lalace, mutane suna haƙuri. Ta 4 tana cewa sun samo wata dabara, wataƙila sun koma tsohuwar rijiya. Ta 5 ce kaɗai ke cewa an gyara. Idan malamin ya rubuta ta 5 alhali ta 3 yake nufi, mai karanta rahoton zai rufe takardar, makaniki ba zai zo ba, mata da yara su ci gaba da doguwar tafiyar ɗibar ruwa.

George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a 1980 cewa maganar yau da kullum cike take da siffantawar da masu harshe ba sa lura da ita. A nan Ingilishi yana ɗaukar matsala kamar shingen da ake hayewa ko a kewaye, ko kamar tarin kayan da ake tantancewa. Hausa ma tana da nata hotunan. Matsala zare ce da ta sarƙe, sai an gano bakin zaren a warware. Cuta ce da ake magancewa. Dabba ce da ta ɓalle, sai an sha gabanta an shawo kanta.

4.0 Harafin Ingilishi da Giredin Hausa

Dwight Bolinger, a littafinsa na 1971 kan wannan gini, ya jawo hankali ga yadda harafin ke nuna sakamakon aiki da kammaluwarsa. Aikin da Ingilishi ke ɗora wa harafi, sau da yawa Hausa tana ɗora shi a kan ƙarshen aikatau, bisa tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, wanda Paul Newman ya faɗaɗa bayaninsa a nahawunsa na 2000.

Giredi na 4 yana nuna aiki ya game karɓau gaba ɗaya: ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Wannan shi ne bambancin "eat" da "eat up", da na "buy" da "buy up". Ba banza ba aikatau biyu da Hausa ta fi amfani da su wajen gamawa da matsala, wato warware da magance, duk suke a wannan giredi, kamar yadda takwarorinsu na Ingilishi ke ɗauke da "out". Giredi na 5 yana tura abu nesa da aikau, don haka "kawar da" ya dace da "do away with". Giredi na 7 yana nuna abin ya yiwu ya tabbata: "maganar ta daidaitu" tana kusa da "things worked out". Daidaiton ba cikakke ba ne, domin babu giredin da zai fassara "put up with", wanda ma'anarsa ba ta fitowa daga sassansa, sai dai a haddace shi a dunƙule.

5.0 Tarkon Faransanci

A rabe-raben Leonard Talmy, Faransanci yana zuba ma'anar alkibla cikin aikatau kansa, Ingilishi kuwa yana fitar da ita a harafi. Saboda haka ɗalibin da ya bi ta Faransanci yakan fi sakewa da "resolve" da "tolerate" da "confront", kalmomin da suka shiga Ingilishi daga Latin da Faransanci. Ba kuskure ba ne, amma nauyinsu na takardar ofis ne, a hira sukan sa mai magana ya yi kamar yana karanta sanarwa. Irin wannan gudun harɗaɗɗen aikatau Dagut da Laufer sun gano shi a 1985 a wurin masu jin Ibrananci da ke koyon Ingilishi, harshen da shi ma ba shi da wannan gini.

Tarko mafi haɗari shi ne "supporter" na Faransanci, wanda ke nufin jurewa. Ɗalibi yakan rubuta "we cannot support this problem" yana nufin an gaji da haƙuri, alhali "support" a Ingilishi goyon baya ne ko tallafi. Daga kudancin iyaka kuma akan ji "cope up with", wanda ya yaɗu a Ingilishin Najeriya amma mai gyaran jarrabawa zai ja masa layi, da kuma "manage" da ma'anar lallaɓawa da ɗan abin da ke hannu, wanda har ya zama "maneji" a bakin Hausawa.

6.0 Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan nazari shi ne, jera waɗannan aikatau bisa haruffan abacada tare da fassarar Faransanci bai wadatar ba. Ya fi amfani a koyar da su bisa matakan matsala, a gwada kowanne da wakilin suna, sannan a ɗora bayanin harafi a kan giredin da ɗalibi ya riga ya iya tun yana goye. Ɗan Sassumbrum da ya san bambancin "ana fama" da "an shawo kai" ya riga ya mallaki rabin darasin, saura malami ya nuna masa inda Ingilishi ya ajiye wannan bambanci.