Amsoshin Tambayoyinku: Ciyawa Mai Jan Saiwa

Tambaya: A gonarmu ta jigawa akwai wata 'yar ciyawa mai ƙaiƙayi da fure rawaya. In an tuge ta, saiwar kan rina hannu ja wur. Yara na tsoronta, wasu kuma na cewa a jiƙa a sha don ƙarin jini. Mece ce gaskiyarta? Daga wani manomi, Dangamaji, Jega.

Amsa: Yadda ka siffanta ta, ta yi kama da wadda Hausawa ke kira jinin mutum, masana kuma Arnebia hispidissima. Wani likita, J. M. Dalziel, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirran Hausa a 1916.

Ciyawar rairayi ce, ana samunta daga arewacin Najeriya zuwa Sudan, Masar, ƙasashen Larabawa, har Pakistan da Indiya. Da wuya ta kai gwiwa. Ruwa kaɗan ya ishe ta: ta tsiro, ta yi fure, ta zubar da iri, ta bushe. Gashin da ke sukar hannu shi ke rage mata ƙunar rana da iska, ya kuma sa dabba ta yi shakkar kai mata baki.

Jan nan ba jini ba ne, babu kuma wani abin tsoro in an taɓa shi. Rini ne da ke cikin ɓawon saiwar, sinadarin da ake kira alkanin da ɗan'uwansa shikonin. Ka gwada da kanka: jefa guntun saiwa a ruwa, wani kuma a man gyaɗa. Ruwan zai ɗan sauya ne kawai, amma man zai yi ja sosai, domin a mai wannan rini yake narkewa. A Indiya ana sayar da busassun saiwoyin irin waɗannan tsirrai da sunan ratanjot, ana rina mai da abinci da su.

Batun sha kuwa, kada a soma. Launi ba ya ƙara jini, kuma danginta da yawa na ɗauke da gubar da ke lalata hanta a hankali. Kalkashin korama da ke fitowa a fadama da walkin tsofo duk 'yan gidansu ne. A tsakiyar shekarun 1970, dubban mutane sun kamu da ciwon hanta a yankin Herat na Afghanistan, bayan 'ya'yan wata 'yar'uwar kalkashin korama sun gauraya da alkamarsu.

Mai ƙarancin jini ya je asibiti a auna shi, ya riƙa cin zogale, wake da hanta. In kana son tabbaci kan ciyawar, tuge ta da saiwa da fure, ka matse ta tsakanin takardu, ka kai wa malaman ilimin tsirrai na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero.