Rashin bangaskiyarka bai soke alkawarin Allah ba

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, tambaya ɗaya ke ta zuwa mini daga 'yan'uwa Kiristoci na Garou da kewaye. Ciniki ya mutu, ko ruwan Kwara ya cinye shinkafa, sai wani mai wa'azi ɗan ci-rani ya ce wa mutum ƙarancin bangaskiyarsa ne ya sa Allah ya janye alkawarinsa. Wai haka ne?

Ba haka ba ne, kuma na gaji da jin wannan magana. Manzo Bulus ya riga ya kashe bakinta a Romawa 3:3-4, inda ya nuna cewa rashin gaskatawar wasu Yahudawa bai rushe amincin Allah ba. Saratu ta yi dariya da ta ji alkawarin ɗa, amma aka haifi Ishaku. Toma ya ƙi yarda da tashin Almasihu sai ya gani da idonsa, Almasihu bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa. Uban yaron nan na Markus 9 da bakinsa ya faɗi cewa bangaskiyarsa da sauranta, aka warkar masa da ɗa. Amincin Allah a kan halinsa yake tsaye. Da a kan namu yake, da tun a lambun Adnin zance ya ƙare.

Kada wani ya ce na ba shi lasisin wasa. A Littafin Ƙidaya sura 13 da 14, mutanen da suka ƙi shiga Kan'ana sun ƙare a jeji cikin shekara 40. Alkawarin ya cika, amma 'ya'yansu ne suka shiga, tare da Joshuwa da Kalibu. Taurin kai yana cutar mai shi.

Gargaɗina ga mata musamman, domin su aka fi yi wa wannan tarkon: kada ki ba kowa ko dala don ya "gyara" miki bangaskiya. Ba man shafawa a kwalba, ba ruwan addu'a, ba ambulan na musamman. Wanda ya ce sai kin kawo jaka biyar ta sefa Allah zai tuna da ke, kasuwa yake ci da hawayenki. Kuɗin nan na takin albasa ne da makarantar yara. Su ma dattawan ikilisiya da ke ba irin waɗannan baƙi bagade ba tare da sun tambayi wanda ya aiko su ba, da laifinsu.

To me za a yi? Shakka takan biyo bayan asara, gajiya da kaɗaici, kuma inda Kiristoci ba su da yawa kamar nan, kaɗaicin ya fi tsanani. Faɗa wa Allah shakkarka a fili cikin addu'a. Karanta Makoki sura 3 gaba ɗaya, har da kukan da ke farkonta. Kada ka daina zuwa sujada don kunya. Idan kuwa asarar ta bar ka da bashi, ka kai maganar gaban fasto da dattawa a zauna a yi lissafi.