Ƙafar da ba ta barin mai wankin ƙoda ya yi barci

A aikina na gashi da motsa gaɓɓai, masu wankin ƙoda sukan kawo mini wani kuka da ba su faɗa wa likita ba, don gudun a ce raki ne. Da an yi sallar isha'i an kwanta, sai a ji kamar kiyashi na yawo cikin sha-raɓa, ƙafa ta ƙi zama sai an motsa ta. In an tashi an taka, abin ya lafa. In an koma shimfiɗa, ya dawo.

Ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Ciwo ne sananne, wanda likita Karl-Axel Ekbom na ƙasar Suwidin ya yi bayaninsa tun 1945. Yana da nasaba da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, ga shi kuwa masu wanki galibi cikin ƙarancin jini suke.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman awa huɗu a jikin na'ura. Wanda ya taso daga 'Yargoje, ya bi ta Ƙanƙara zuwa Katsina, ko ta Funtuwa zuwa Shika don yin wanki, ya riga ya sha zama a matse cikin mota. Ƙafa na fara ƙaiƙayi sai ya ce a cire shi, alhali kuɗin wanki ya biya cif, dattin kuma na nan a jini. Wannan asara biyu ce.

Ga abin da nake koya musu. Kafin kwanciya, a dafa bango, a ja ƙafa ɗaya baya, diddige na ƙasa, har a ji sha-raɓa ta miƙe. A riƙe kamar daƙiƙa 30, a sauya. A ɗan zagaya tsakar gida. A kan gadon wanki ma, in ma'aikata sun amince, ana iya juya idon sawu da tuƙa ƙafa kamar keke cikin awa biyun farko, kafin jini ya sauka. Hannun da aka yi wa hanyar wanki dai a bar shi ya huta. Sai an jure watanni kafin a ga bambanci.

Goro da shayin dare a rage. Piriton da ake saye a kemis don neman barci ƙara tayar da ƙafar yake. A roƙi likitan ƙoda ya auna ƙarfen jini. In ya rubuta gabapentin, kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya, domin ƙodar da ta gaza ba ta fitar da shi.