Vickers Viscount: Jirgin Da Ya Haɗa Injin Jet Da Farfela

Da yawanmu idan muka ga jirgin sama mai farfela, sai mu ɗauka tsohon yayi ne. To amma yawancin na fasinja da ke tashi yau injin jet ne a cikinsu. Ana kiran wannan tsari tabofirof, kuma jirgin fasinja na farko da ya fara aiki da shi shi ne Vickers Viscount na Ingila.

Yaya injin yake aiki?

Tsofaffin jirage fistan gare su, irin na mota, yana hawa yana sauka, shi ya sa suke da ƙara da jijjiga. Shi kuwa tabofirof iska yake zuƙa ya matse ta, ya haɗa ta da kananzir ya ƙona. Iskar mai zafi sai ta juya wata fanka a ciki, fankar kuma ta juya farfela ta hanyar giya. Komai juyawa yake yi, don haka jijjiga ta ragu sosai.

Saura ƙiris a binne shi

Viscount ya fara tashi ranar 16 ga Yuli, 1948, da injina huɗu samfurin Rolls-Royce Dart. Sai dai mutum 32 kawai yake ɗauka. Tun kafin ya tashi, kamfanin BEA da ake sa ran zai saya ya ga ya yi ƙanƙanta, ya koma wa wani jirgi mai fistan, Airspeed Ambassador.

Injiniyoyin Vickers ba su karaya ba. Da Rolls-Royce ya ƙara wa Dart ƙarfi, sai suka tsawaita jirgin ya ɗauki mutum sama da 40. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan: fitowar farko ba ita ce ƙarshe ba, ƙorafin mai saye shi ke nuna inda gyara yake.

A Yulin 1950 jirgin gwajin ya kai fasinja daga Landan zuwa Paris, BEA kuma ya dawo ya yi oda. A 1953 ya fara jigila ka'in da na'in. An ƙera sama da 440, Capital Airlines na Amurka ya saya, haka ma Ghana Airways.

Me ya sa farfela ba ta mutu ba?

A gajeriyar tafiya tabofirof ya fi jet zalla tattalin mai, kuma yana iya sauka a ƙaramin fili. Shi ya sa har yau ake ƙera irin su ATR 72. Idan ka hau ɗaya, ka tuna hanyar da Viscount ya share ce kake bi.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.