Darasin Wannan Wata: Ka San Abin da Ke Cikin Wayarka?

Darasinmu na wannan wata a kan wayar hannu ne, wadda wasu ke kira salula. A yau da wuya ka shiga ƙauye ka rasa ta. Amma da yawa daga cikinmu kira da amsawa kawai muka sani. Alhali kuwa a cikin waya ɗaya akwai rediyo, da rikoda, da kyamara, da hanyar aika saƙo ta iska. Wanda ya san aikin kowanne zai rage ɓarnar kuɗi, ya kuma tsare sirrinsa.

Daga ina ta fito?

A shekarar 1973 aka fara kira da wayar hannu, a ƙasar Amurka. Wani injiniya ne mai suna Martin Cooper ya yi kiran. Nauyin wayar tasa ya fi kilo ɗaya, kuma magana kaɗai take yi. A 1999 aka fara sayar da waya mai kyamara a ƙasar Japan. Mu kuwa a Nijeriya, a 2001 ne layukan GSM suka fara aiki.

1. Sauti

Waƙa ko karatu ko shirin da kake saurare a waya, suna ajiye ne a cikin memori. Memori kamar rumbu yake. Yana cika, kuma wani ya fi wani girma. Ana auna shi da mega da giga. Mega 1,000 su ne kimanin giga 1. Waƙa ta minti huɗu takan ci kamar mega 4. Ke nan giga 1 zai ɗauki waƙoƙi fiye da 200.

Sauraren abin da ke cikin memori ba ya cin kati, ba ya cin data. Caji kawai yake ci. Haka ma rediyon FM da ke cikin waya. Sai dai yawancin wayoyi ba sa kama tasha sai an jona iyafis, domin igiyarsa ita ce eriya. Kada ka ƙure ƙara a kunnenka. Yawan ƙara yana rage ji, kuma in ji ya tafi ba ya dawowa.

2. Kyamara

Kyamara ba ta hoton biki ba ce kaɗai. In tsutsa ta kama masararka, ɗauki hoton ganyen ka nuna wa malamin gona. In ka sayi taki, ɗauki hoton rasit. Uwargida, ki ɗauki hoton katin rigakafin yaro, ko da katin zai ɓata.

Kafin ɗauka, goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Ka juya wa rana baya, haske ya sauka a kan abin da kake ɗauka. Ka riƙe wayar da hannu biyu. Kuma kada ka ɗauki mutum sai da izininsa.

3. Aika saƙo ta iska

Hanya ta farko sunanta Bluetooth, ana faɗinta bulutut. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a 1994. Da ita waya ke tura wa waya hoto ko sauti. Ba ta bukatar sabis, ba ta cin ko kwabo. Amma ba ta da dogon zango. Yawanci ba ta wuce mita 10, wato kamar taku 13 na babban mutum.

Hanya ta biyu ita ce Wi-Fi, ana faɗinta waifai. Da ita ake shiga intanet ta hanyar na'urar wani ko wayar wani. In ka buɗe wa maƙwabci waifai na wayarka, to datarka yake sha. Saboda haka ka sa masa lambar sirri. In ka gama aiki, kashe bulutut da waifai, cajinka zai ƙara jimawa.

4. Hattara

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Wayar da ke ajiye hoton gonarka, ita ce ke ajiye hoton iyalinka. Hoto in ya fita, zarar bunu ne. Waya ɗaya ta tura wa goma, goma su tura wa ɗari. Ko ka goge hoto a memori, mai sani yana iya dawo da shi. To, ga abin yi:

Kada a ɗauki hoton da ba a so wani ya gani.

In za ka kai waya wurin mai gyara ko mai caji, cire layi da memori tukuna.

Kada ka karɓi saƙon bulutut daga wanda ba ka sani ba.

Ka kulle wayarka da lambar sirri. Kada ka zaɓi 1234, ko shekarar haihuwarka.

In layinka na haɗe da asusun banki, kuma waya ta ɓata, ka sanar da banki da kamfanin layin nan take. Ɓarawo yana iya kwashe kuɗi da layin kawai.

Aikin gida

Kowace waya tana da lambarta ta shaida mai alƙalumma 15. Danna *#06# za ka gan ta. Kwafe ta a littafinka, ka adana. In an sace waya, wannan lamba ce za ka kai wa 'yan sanda.

Tambayoyi

1. A wace shekara GSM ta fara aiki a Nijeriya?
2. Me ya sa rediyon waya ke bukatar iyafis?
3. Tsakanin bulutut da waifai, da wanne ake shiga intanet?
4. Me za ka cire kafin ka ba mai gyara wayarka?

Ku tattauna amsoshin a aji, ku kuma gaya wa na gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.