Kwamfuta Da Ƙamus: Hanyar Ƙara Fahimtar Karatu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in yi magana a kan wata matsala da ke kayar da mu a jarrabawa. Sau da yawa yaro zai karanta shafi guda daga sama har ƙasa ba gargada, amma in malam ya ce ya faɗi abin da aka ce a ciki, sai ya sunkuyar da kai. Dalili kuwa shi ne ƙarancin kalmomi. In kalma uku ko huɗu suka shige maka duhu a sakin layi ɗaya, to ma'anar duka ta tafi.

Wannan ba abin wasa ba ne gare mu. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, duk mai neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. Tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa 2, guda 60 daga ciki na Turanci ne, wanda yake tilas ga kowa. Wanda bai saba karatu a kan allon kwamfuta ba, lokaci zai ƙare masa yana fama da labarin da aka ba shi ya karanta.

Alhamdu lillahi, ita wannan kwamfuta za ta iya taimakonmu tun yanzu. Akwai ƙamus na Turanci a cikinta da ke ba da ma'ana nan take, har ya furta kalmar ka ji da kunnenka. Ƙamusun Bargery na Hausa da Turanci, wanda aka buga a 1934, shi ma an sa shi a intanet. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussa kyauta. Ga kuma Wikipedia ta Hausa da shafin BBC Hausa ga mai son abin karantawa.

Amma fa sai mu yi hattara da na'urar fassara. Alal misali, kalmar "gari" tana nufin wurin da mutane ke zaune, tana kuma nufin abin da ake tuƙa tuwo da shi. "Fari" launi ne, kuma rashin ruwan sama ne. A baki karin sauti ko tsawon wasali ke raba su, a rubuce kuwa kamarsu ɗaya. Na'ura takan rikice a nan, ɗalibin da ya kwafa ido rufe shi ma ya rikice. Kalmomin da ke kewaye da kalma su ne ke nuna ma'anarta.

Ga yadda nake yi, tunda a makarantar kwana ba a yarda mu riƙe waya ba, kuma lokacin shiga ɗakin kwamfuta kaɗan ne. Na farko, ina karanta labari sau ɗaya har ƙarshe ba tsayawa. Na biyu, in sake karantawa ina rubuta kalmomin da ban sani ba a ƙaramin littafi, tare da abin da nake zato suke nufi. Na uku, ranar da muka shiga ɗakin kwamfuta in duba su, in gwada da zatona. Na huɗu, in gina jimla tawa da kowace kalma. Na biyar, in rufe littafin in ba abokina labarin da bakina. In na kasa ba shi, to ban fahimta ba ke nan, sai in koma.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kalma 5 a rana, kwana 6 a mako, sun zama 30. A mako 12 sun zama 360. A zango uku na shekara kuwa 1,080. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Iyayenmu, muna roƙon ku taimaka mana lokacin hutu. Ku ara mana waya ko da rabin awa ne a rana, a gabanku, don karatu kaɗai. Ku saya mana littattafai irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, domin wanda ya iya bin labari da harshensa ya fi saurin bin sa da Turanci. Ko baba bai yi boko ba, yana iya cewa, "Zo ka ba ni labarin abin da ka karanta yau." Wannan tambaya kaɗai ta isa ta tona wanda ya yi karatu da wanda ya yi wasa da waya.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu ci jarrabawa, amin.