DARASI: ƘOTAR BINDIGA TA ROBA, YADDA ZA A GANE TA ƘWARAI

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san aikin ƙota. Fartanya komai kaifinta, in ƙotarta tana girgiɗi, sai ta sare dawa ta bar ciyawa. Haka ya ke ga bindiga. A ƙungiyoyinmu na bakin daji akwai masu lasisin riƙe bindiga domin korar birai da gursunu daga gonar masara da rogo, da kuma farautar rani. Darasin nan nasu ne, da na shugabannin ƙungiya waɗanda a ke zuwa wurinsu neman rance domin sayen ƙotar roba.

Mu fara da dalilin da ya sa aka yi ta. Itace, ko ya shekara goma da bushewa, bai daina shan ruwa ba. Ku dubi ƙofar ɗakin sujada. A watan Agusta sai an sa kafaɗa kafin ta buɗu, a Janairu kuwa har a kan hangi waje ta tsakanin katakai. Ƙotar itace haka ta ke yi. In ta kumbura sai ta danne bututun bindiga ta gefe ɗaya. Ido ba ya ganin wannan danni, amma harsashi ya kan nuna shi. Mutum ya daidaita bindigarsa da rani, da damina sai ya ga harbinsa yana kaucewa. Asarar harsashi ita ce ƙarama. Gursunun da aka yi wa rauni bai mutu ba, yana shan azaba a banza, yana kuma iya faɗa wa matan da su ka shiga daji neman itace.

A Amurka aka fi ƙera irin wannan ƙota. A 1959 kamfanin Remington ya fitar da wata ƙaramar bindiga mai suna Nylon 66 wadda ƙotarta roba ce, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya kafin a daina yinta a 1989. Sojojin Amurka kuma sun ga yadda laimar ƙasar Biyetnam ta riƙa tanƙware ƙotocin itace na bindigoginsu masu nisan harbi, har daga baya su ka koma ga ƙotar da wani maƙeri mai suna Gale McMillan ya fara yi a 1973. Daga nan mafarauta su ka ɗauka. Gara ba ta cinta, damina ba ta kumbura ta, hunturu ba ya tsaga ta.

Amma fa sunan roba yana ruɗi, gama iri biyu ne. Akwai ta zubi, watau a narka roba a zuba a mazubi, kamar yadda a ke yin bokiti da kujerar biki. Ita ce mai araha, ita ce kuma ta fi yawa. Sau da yawa cikinta holoƙo ne, gabanta yana lanƙwasa, in ta sha rana ta kan ƙara laushi. Ɗayar kuwa da zaren gilashi a ke yinta, a shimfiɗa shi hawa hawa, a jiƙa shi da wani gam mai ƙarfi, in ya bushe ya zama tauri kamar ƙirya. Wasu a kan dasa musu ƙarfen alminiyam a ciki, daidai inda jikin bindiga ya ke zama. Wannan tana da tsada ƙwarai. A ganina, ƙotar itace mai kyau wadda a ke kula da ita ta fi ƙotar zubi mai laushi, kada wani ya yar da tasa don ƙyalƙyalin sabuwa.

To, ƙaƙa za a gane? Kafin kome, a cire harsashi, a leƙa a tabbata ba kome a ciki, a juya bakin bindiga inda ba mutum. Sa'an nan ka kama gaban ƙota da bututu a hannu ɗaya ka matse. In ƙotar ta tashi ta taɓa ƙarfe ba tare da ka sa ƙarfi ba, ajiye ta. Ranar da ka ɗora ta a kan reshe domin harbi, haka za ta lanƙwashe ta danne bututu, ka koma gidan jiya. Ka murɗa ta kuma kamar mai matse wanki, ta ƙwarai ba za ta ba da kai ba. Da yawa daga cikin bindigogin nan masu harsashi ɗaya an yi su ne domin bututu ya tsaya shi kaɗai, kada ƙota ta taɓa shi. Ka naɗa takardar Naira a ƙarƙashin bututu, ka ja ta daga gaba zuwa baya. In ta wuce sumul, da kyau. In ta maƙale a gefe ɗaya, ƙotar karkatacciya ce. Bindigar da ke watsa ƙananan dalma ba ta bukatar wannan gwaji na takarda, ƙotarta gida biyu ce, abin dubawa shi ne kada mahaɗin ya yi motsi.

Ka ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa. Mai holoƙo ta kan yi amo kamar ganga, ƙaya kaɗan ta karce ta biri ya ji. Ka duba ramukan da kusoshi ke shiga. In akwai ƙarfe a cikinsu, za su daɗe. In roba ce zalla, duk ɗaurin da aka yi tana ƙara cinyewa.

Sai kuma dacewa da jikinka, wanda mutane su ka fi mantawa. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, yawanci inci 13 da rabi ne, gwargwadon tsawon Bature mai matsakaicin jiki. Ka rufe ido, ka ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, ka kwantar da kumatu, sa'an nan ka buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai kafin ka ga saiti, ba taka ba ce. Kada rashin nauyi ya ruɗe ka, gama bindiga marar nauyi ta fi dukan kafaɗa, saboda haka a nemi mai matashin roba mai taushi a gindi.

Kowace ƙota don irin bindiga ɗaya aka yi ta, da sunan kamfani da lamba. Ba za ta hau bindigar toka ta maƙeranmu ba, kada ma a ɓata kuɗi. Mai irin wannan ya nemi busasshen maɗaci wurin masassaƙi, ya shafe shi da man katako ciki da waje.

Zancen doka ba na wasa ba ne. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ɗauki sashen bindiga kamar bindiga. Kada a saya a hannun ɗan sumoga, kada a kai gyara wurin wanda ba shi da izini, a fara zuwa ofishin 'yan sanda da lasisi a hannu. Kada ma'aji ya fitar da ko kwabo sai ya ga lasisin da idonsa. Lasisin kuma bai ba kowa izinin harbi a gandun daji irin na Yankari ko Pandam ba. Ina ba da shawara a guji baƙar ƙota, a ɗauki mai ruwan ƙasa. Baƙa tana zafi a rana, daga nesa kuma tana kama da bindigar yaƙi, a zamanin nan kuwa ba wanda ya ke so a hango shi da magariba a ɗauke shi ɗan fashi.

Ƙotar roba ba ta hana ƙarfe tsatsa. Ruwa ya kan kwanta tsakaninta da bututu, don haka in ruwa ya doke ka a daji, a kwance ta, a goge, a shafa mai. Kada a jingina ta kusa da murhu, kada kuma a taɓa ta da hannun da aka shafa wa maganin sauro, gama wasu irinsa suna cin roba. A taro mai zuwa, bari masu lasisi su bar bindigoginsu a kulle a gida, su zo da sunan kamfani da lamba a rubuce, mu duba tare wace ce ke bukatar sabuwar ƙota, wace ce mai kawai ta ke so.